HURUMIN GARI AMANA CE: DARASI DAGA DAJIN SAYAM DA KWARIN KOMADUGU

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya tsirar da ciyawa da itatuwa a kanta, ya sanya su abin rayuwa ga mutum da dabba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa yana magana ne a kan hurumi, wato filin nan da ke bayan gari wanda ba gonar kowa ba ne, inda ake kiwo, ake yin itace, ake ɗebo magani. Za mu ɗauki misali da dajin Sayam da kwarin kogin Komadugu a jihar Diffa, domin a can ne wannan mas'ala ta tsananta a zamaninmu.

YANAYIN ƘASAR

Ƙasar Diffa ƙasa ce mai ƙarancin ruwan sama, abin da ke sauka a shekara bai cika wuce milimita 300 ba, kuma mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba. Rayuwarta ta rataya ne a kan abu biyu: kogi a kudu, makiyaya a arewa.

Kogin Komadugu ruwansa daga nesa yake zuwa, daga kogin Haɗeja da na Jama'are a Nijeriya. Yana raba iyakar ƙasashen biyu na tsawon kilomita kusan 150 kafin ya faɗa Tafkin Chadi kusa da Bosso. Cikarsa takan kai ƙarshe ne bayan damina ta wuce, wajen Nuwamba, sa'an nan ya janye ya bar tafkuna da fadamu. A nan ake noman tattasan da Diffa ta yi suna da shi. A bakinsa ake samun bagaruwa da tsamiya da goruba, a tafkunansa kuma ɗinya da kirinjijiya da balbela, har da tsuntsayen da ke ƙetaro hamada daga Turai su yi lokacin sanyi a wurinmu. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin zuwan ruwan ya sauya, domin abin da aka yi a sama shi ke hukunta na ƙasa.

In aka bar kogi aka nufi arewa maso yamma kamar kilomita 40, sai a iso Sayam, cikin gundumar Shetimari. Nan ƙasar rairayi ce da tuddai, mai aduwa da kandili da ɗakwara da magarya, da ƙarangiya mai rufe ƙasa bayan ruwa. A cikinta zomo da kurege da bushiya da dila da damo suke zaune, da zabin daji da tuji. A nan ne gwamnati ta kafa gidan kiwo domin adana shanun Kuri, waɗannan fararen shanu masu kumburarrun ƙahoni, waɗanda asalinsu tsibiran Tafkin Chadi ne. Tafkin kuwa, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya tsuke ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980.

ABIN DA YA AUKU

A watan Disamba na 2014 aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira a Sayam Forage domin 'yan'uwanmu da fitinar Boko Haram ta koro daga Barno da Yobe. A Fabrairun 2015 fitinar ta iso Bosso da Diffa kanta. Mutanen bakin kogi da na tsibirai suka kwararo zuwa tudu, makiyayan da suka saba shiga tafki da rani aka toshe musu hanya. A farkon shekarun 2020 mazauna sansanin kaɗai sun kai wajen mutum 30,000.

Ku duba, kowane gida yana hura wuta safe da yamma, kowane ɗaki yana son dirka da shinge. Wanda ba shi da gona ba shi da jari, gatari shi ne sana'ar da ta rage masa. Busasshen itace ya fara ƙarewa, aka koma kan ɗanye. Aduwar da ta shekara talatin tana girma, hantsi ɗaya ya isa a kayar da ita. Idan itace ya tafi, iskar hunturu sai ta kwashe ƙasar sama, rairayi ya fara tafiya, tumfafiya da kalimbo su gaji wurin. Zabo ya rasa maɓoya, zomo ya ƙaura, akuya ta rasa ganyen rani. Daga nan sai husuma ta tashi tsakanin mai gari da baƙo, da tsakanin manomi da makiyayi.

HUKUNCIN HURUMI

Shari'a ba ta bar wannan babi a buɗe ba. Abu Dawuda ya ruwaito hadisi mai nuna cewa Musulmi sun yi tarayya a cikin abu uku, ruwa da ciyawa da wuta, kuma malamai da yawa sun shigar da itacen wuta na daji cikin na ukun. Malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa hurumin gari shi ne iyakar inda mai kiwo da mai itace ke kaiwa su dawo a yini guda, kuma babu mai ikon killace shi ya mai da shi mulkinsa. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe littafi, Ta'alimur Radi, a kan hanyoyin da ake keɓantuwa da ƙasar da ba ta da mai ita.

Manzon Allah (S.A.W.) ya keɓe makiyayar Naƙi'u domin maslahar jama'a, Sayyidina Umaru (R.A.) ya keɓe Rabaza. A cikin Muwaɗɗa an kawo cewa Umaru ya umarci mai tsaron makiyaya ya shigar da mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki, ya gabatar da su a kan garkunan Ibnu Aufu da Ibnu Affana, domin mawadaci in dabbobinsa sun halaka yana da gonaki, talaka kuwa ba shi da madogara.

Dokar ƙasa ma ta zo daidai da wannan. Dokar karkara ta 1993 da dokar makiyaya ta 2010 a Nijar sun kare burtali da mashaya da wuraren kiwo, sun hana wani ya mallake su shi kaɗai.

DARUSSA

Na farko, baƙon da fitina ta koro yana da hakki a hurumi kamar ɗan gari. Mutanen Madina sun raba abin hannunsu da Muhajirai, mu ma ba mu da hujjar hana ɗan'uwa itacen dafa tuwo.

Na biyu, hakkin amfani dabam, hakkin ƙararwa dabam. A ɗebi busasshe, a sassabe reshe, a bar gindi. Sayyidina Abubakar (R.A.) ya hana rundunarsa sare itace mai 'ya'ya alhali ana cikin yaƙi, to ina ga lokacin da muke zaune da maƙwabtanmu?

Na uku, laifin mai kura da mai mota da ke kwashe daji domin kasuwa ya fi na matar da ta ɗauko ƙunshi a ka. Haka mai kuɗin da ke tara ciyawar hurumi a ɓoye har ta yi tsada. Wanda Allah ya hore wa, ya sayi tukunyar gas ya rage wa daji nauyi, ya kuma saya wa mabuƙaci, wannan sadaka ce mai lada biyu.

Na huɗu, namun daji su ma suna da rabo. Aya ta 38 a Suratul An'am ta sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummu ne kamarmu. Farauta don abinci halal ce bisa sharuɗɗanta, amma kwashe ƙwan zabo da damina, da bin tuji da mota don nishaɗi, da cinna wa daji wuta domin kama zomo, ɓarna ce. Iyayenmu ba sa taɓa shamuwa in ta yi sheƙa a gari, mu faɗaɗa wannan ladabi ga sauran halittu.

Na biyar, a mayar da abin da aka ci. Buhari da Muslimu sun ruwaito cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi, sadaka ce a gare shi. Kututturen da ya toho a gona a bar shi, a gyara masa rassa. Ta wannan hanya ce manoman Maraɗi da Damagaram suka dawo da miliyoyin itatuwa, musamman gawo, tun daga shekarun 1980, ba tare da sun sayi dashe ba.

Muna kira ga limamai da masu unguwanni da shugabannin sansani da arɗon makiyaya da su zauna tare da ma'aikatan gandun daji, su keɓe wani sashe na hurumi ya huta shekara biyu ko uku, kowane masallaci ya ɗauki nauyin tsaron yankinsa. Ranar gobe za a tambaye mu a kan wannan ƙasa, yadda muka same ta da yadda muka bar ta.

Allah ya dawo mana da zaman lafiya, ya mayar da kowa gidansa, ya ba mu damina mai albarka. Amin.