Faɗaɗa Hidimomin Ƙananan Cibiyoyin Ba da Jari da Sharuɗɗan Kiyaye Amana

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku masu bayar da gudummawa da shugabannin kwamitocin masallatai, duk cibiyar da ta fara ba talakawa rance marar ruwa, ba za ta daɗe ba sai buƙatu sun yi mata yawa. Manomi na neman taki da damina ya biya da kaka, mai ɗinki na neman keke, wata na neman inda za ta ajiye kuɗin adashinta. Kowace buƙata gaskiya ce. Sai dai kowace sabuwar hidima tana zuwa da nata hukunci da nata haɗari da nata aiki, kuma cibiyar da ta buɗe ƙofofi da yawa lokaci guda takan wayi gari ta cinye amanar da aka ba ta ba tare da ta sani ba.

Abin da ke tilasta faɗaɗawa

Bankin Grameen na ƙasar Bangladesh, wanda Muhammad Yunus ya assasa kuma ya zama cikakken banki a 1983, ya daɗe yana dogara da rancen shekara guda da ake biya mako-mako. Da ambaliyar 1998 ta mamaye kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar, mutane da yawa suka kasa biya, tsarin kuma bai da sassaucin da zai ɗauke su. Tsakanin 2000 da 2002 bankin ya sake fasali: ya shigo da rance mai sassaucin wa'adi da hanyoyin ajiya iri-iri, har kuɗin masu ajiya suka zo suka zarce basussukan da ke waje. Bankin yana karɓar kuɗin ruwa, wanda shari'a ta haramta mana, don haka abin da za mu ɗauka a wurinsa darasin gudanarwa ne kawai: rayuwar talaka ba ta tafiya a kan wa'adi guda.

A Pakistan kuwa, ƙungiyar Akhuwat da Dakta Amjad Saqib ya kafa a Lahore a 2001 ta fara ne da rance marar ruwa, tana raba shi a masallatai. Sai da wannan ya kafu sannan ta shiga rancen gina muhalli da harkar ilimi da lafiya.

Kowace dukiya da asusunta

Nan ne wuri mafi haɗari ga gidauniya irin tamu, domin dukiya uku ne ke shigowa hannunmu, kowacce da hukuncinta. Zakka haƙƙin mutane takwas ne da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade, kuma asalinta a mallaka wa wanda ya cancanta, ya tafi da ita. Malaman zamani sun yi saɓani a kan juya ta zuwa rance, saboda haka tsentseni shi ne a bar ta a kan asalinta. Wakafi kuwa ana tsare asalinsa a ciyar da amfaninsa bisa sharaɗin wanda ya yi shi. Malikiyya sun halatta wakafin tsabar kuɗi domin a riƙa rantawa ana mayarwa, Majalisar Fiƙihu ta Duniya ma ta amince da wakafin kuɗi a zamanta na Maskat a 2004. Dukiya ta uku ita ce ajiyar jama'a, wadda mai ita zai iya nemanta ranar da ya so.

Idan aka zuba su a asusu guda, asarar ciniki za ta ci haƙƙin miskini, ko a biya mai ajiya da asalin wakafi. Cibiyoyin Baitul Mal wat Tamwil na Indunusiya, da suka yaɗu a shekarun 1990, sun gina kansu a kan wannan rabuwa: ɓangare guda na zakka da sadaka, ɗaya kuma na ajiya da ba da jari. Haka nan karɓar ajiyar jama'a a Najeriya aiki ne da ke buƙatar lasisin Babban Banki, kyakkyawar niyya ba ta wadatar a kansa.

Kowane ciniki da haɗarinsa

A murabaha wajibi ne cibiya ta sayi kayan ta mallake su kafin ta sayar da riba sananniya. Wannan na buƙatar ma'aikacin da ya san kasuwa da kuma wurin ajiya, idan kuma mai saye ya yi jinkirin biya ba a ƙara masa farashi. In aka miƙa wa mutum tsabar kuɗi aka rubuta murabaha a takarda, an koma wa bashi mai ruwa da wani suna.

A salam ana biyan manomi kuɗin hatsi gaba ɗaya tun farko, ya kawo da kaka, bisa sanannen mudu da nauyi da wa'adi, kamar yadda hadisin Ibn Abbas ya shar'anta. Amma cibiyar da ta ƙulla shi ta zama 'yar kasuwar hatsi: tana buƙatar rumbu, kuma faɗuwar farashi da kaka a kanta take. Fari guda kuma kan shafi manoman yanki baki ɗaya.

A ƙiradi, wato mudaraba, asarar kuɗi a kan mai jari take muddin mai juyawa bai yi sakaci ba. Wanda ba ya rubuta cinikinsa, da wuya a tantance ribarsa.

Tambayoyi kafin a buɗe sabuwar ƙofa

Ya kamata kowane kwamiti ya amsa waɗannan a rubuce:

1. Jama'a ne suka nemi hidimar, ko mun gani ne a wani wuri muka yi sha'awa?
2. Daga wane asusu za a ɗauki kuɗin, kuma mai dukiyar ya yarda da hakan?
3. Malamai sun duba takardar yarjejeniyar da yadda ake aiwatar da ita?
4. Wa zai bi ta, kuma ba za ta janye shi daga bin tsohon rance ba?
5. Nawa ne iyakar asarar da za mu iya ɗauka kafin mu dakata?

Bayan haka a gwada a masallaci ɗaya ko biyu har zagayowar shekara, a ware wa hidimar littafin lissafinta, domin ribar wata kada ta rufe asarar wata. A kuma duba jimillar bashin da ke kan gida ɗaya, don wanda aka ba rance uku daban-daban yakan biya wannan da wancan har ya nutse. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa.

Muna roƙon masu bayarwa su riƙa bayyana niyyarsu a fili lokacin miƙa dukiya, zakka ce ko wakafi ko sadaka, su kuma nemi a nuna musu lissafin kowane asusu daban. Allah Ya karɓa daga gare mu da ku, Ya ba mu ikon riƙe amana. Allah ne Mafi sani.