TSIREN 'YA'YAN ITATUWA: DARASI DAGA SASHEN KULA DA GIDA

Gabatarwa

Da zarar an kaɗa ƙararrawar tara, yawancin ɗalibai sukan nufi bakin ƙofar makaranta da 'yan kuɗinsu a hannu. Idan muka lura da abin da ake saya za mu ga alewa ce, da biskit, da cincin, da fanke, a kora da lemon kwalba. Waɗannan suna kashe yunwa na ɗan lokaci, amma abin da ya fi yawa a cikinsu shi ne fulawa da sukari da mai. Jikin saurayi ko budurwa mai tasowa yana bukatar abin da ya fi haka. A wannan darasi za mu koyi wata hanya mai sauƙi ta shirya 'ya'yan itatuwa don a tafi da su makaranta ko wurin aiki. Dukanmu mun san tsire. To, dabarar mai tsire za mu ara, sai dai maimakon nama za mu jera kankana da gwanda da abarba a jikin tsinke. Ba a bukatar wuta, ba a bukatar mai, kuma yaro ɗan aji ɗaya ma zai iya yi.

Dalilin da ya sa jiki ke bukatarsu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa babban mutum ya riƙa cin aƙalla giram 400 na 'ya'yan itatuwa da ganyaye kowace rana. An saba raba wannan kashi biyar, kowane kashi giram 80, wato kamar ayaba ɗaya madaidaiciya ko lemo ɗaya. Bari mu duba abubuwa huɗu da muke samu daga gare su.

Na farko shi ne bitamin C. Jikin ɗan Adam ba ya iya ƙera shi, ba ya kuma ajiye shi da yawa, saboda haka tilas a riƙa samunsa daga abinci a kai a kai. Shi ke taimaka wa miki ya warke, ya kuma riƙe dasashi da ƙarfi. A zamanin da, matuƙan jiragen ruwa na Turai sukan yi watanni a teku ba su ci ɗanyen abu ba, sai dasashinsu ya kumbura yana jini, haƙora su zube, da yawa su mutu. A shekarar 1747 wani likitan sojan ruwan Birtaniya mai suna James Lind ya ɗauki marasa lafiya 12 ya raba su biyu biyu, ya ba kowane rukuni magani dabam. Mutum biyun da ya ba lemon zaƙi da lemon tsami su ne suka murmure cikin 'yan kwanaki. Duk da haka sai a 1795 rundunar ta fara raba ruwan lemon tsami ga sojojinta. Abin da zai ba mu sha'awa shi ne, gwaibar da ke zuba a bayan ɗakunanmu ta fi lemon zaƙi yawan wannan bitamin wajen ninki huɗu. Giram 100 na gwaiba na ɗauke da fiye da miligiram 200, na lemo kuwa kimanin 50.

Bitamin C yana da wani amfani da ya kamata 'yan mata musamman su riƙe. Yana taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da alayyafo da zogale, wanda da shi ne jiki ke yin jini. Ɗalibar da ta ci ƙosai ko alale ta bi da lemo ko gwaiba ta fi amfana da waken fiye da wadda ta bi da shayi, domin shayi rage tsotsar ƙarfen yake yi.

Na biyu shi ne bitamin A. Mangwaro da gwanda nunannu suna da wani sinadari mai launin ruwan lemo da ake kira karotin, wanda jiki ke juyawa ya zama bitamin A. Rashinsa ne ke kawo dundumi, wato mutum ya kasa gani sosai da zarar magariba ta yi, kuma yana rage wa yara ƙarfin yaƙi da cututtuka irin su ƙyanda.

Na uku shi ne ruwa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na kankana ruwa ne. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke sa ɗalibai gyangyaɗi a aji, wannan ba ƙaramin taimako ba ne.

Na huɗu shi ne dusa ko zaren da ke cikin tsokar ɗan itacen. Ita ke hana taurin bayan gida, kuma tana sa zaƙin ya shiga jini a hankali. Nan ne bambancin yake da lemon kwalba. Kwalba ɗaya mai santilita 35 tana ɗauke da sukari wajen ƙaramin cokali tara, ba dusa, ba bitamin. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu a rana, wato kimanin cokali 12 ga babba. Kun ga kwalba ɗaya ta kusa cinye rabon yini guda.

Me ya sa sai a kan tsinke?

Wani zai ce, ai ana iya sa mangwaro guda a jaka a wuce. Gaskiya ne. Amma wanda ya sha mangwaro a cikin farar rigar makaranta ya san abin da ke biyo baya. Tsinke yana sa a ci ba tare da hannu ya taɓa abincin ba, ba a ɓata littafi, ba a bar ɓawo a ƙarƙashin benci. Sa'an nan kuma abarba ɗaya ko kankana ɗaya ta fi ƙarfin mutum ɗaya, amma in an yanka an jera, ta ishi yaran gida duka, kowa ya sami iri huɗu ko biyar a maimakon iri ɗaya.

Launi ma yana da ma'ana. Jan da ke cikin kankana da jar gwaiba na wani sinadari ne da ake kira laikofin. Rawaya da ruwan lemo alamar karotin ne. Idan muka haɗa launuka dabam dabam, mun haɗa amfani dabam dabam ke nan. Ƙananan yara da ke ƙin gwanda in an ba su a faranti sukan karɓe ta da murna in sun gan ta a jere da ja da rawaya.

Zaɓen kaya

Dokar farko ita ce mu bi lokaci. Abin da ke yayi shi ya fi araha, shi ya fi daɗi. Mangwaro yakan cika kasuwa daga wajen Maris zuwa farkon damina. Lemon zaƙi, wanda ake kawo mai yawa daga Jihar Binuwai, ya fi samuwa da kaka da hunturu. Kankana tana zuwa daga masu noman rani. Gwanda da ayaba kusan ba sa yankewa. Abarba daga kudu ake kawo mana ita.

Mu zaɓi wanda ya nuna amma bai yi laushi ba, domin lugub ɗin mangwaro ba ya zama a kan tsinke. Mu guji wanda ya fashe ko ya fara ruɓa. Mu yi hattara da ayaba ko mangwaron da aka nunar da kabayid, irin na masu walda. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan wannan. Sau da yawa irin wannan yakan yi rawaya shar a waje, ciki kuwa da tauri, ba ƙamshi, ba zaƙi.

'Ya'yan itatuwanmu na daji irin su magarya da ɗinya da kanya da goruba suna da nasu amfani, amma ƙwallonsu ya hana a soke su. Sai a zuba su a gefen kwano. Dabino kuwa ana iya cire ƙwallonsa a sa guda ɗaya a ƙarshen tsinke, ya zama kamar marfi.

Kayan aiki

Tsinken tsire sababbi, wuƙa mai kaifi, katakon yanka ko faranti mai faɗi, kwano babba na wanki, ruwan sha mai tsabta, lemon tsami ɗaya, da kwanon abinci mai murfi. Kada a yi amfani da tsinken da aka riga aka ci nama da shi, ko tsinken tsintsiya.

Yadda ake yi

1. A wanke hannu da sabulu da ruwa, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce.

2. A wanke kowane ɗan itace kafin a yanka, har da masu kaurin ɓawo kamar kankana da abarba. Dalili kuwa shi ne wuƙa tana ɗauko dattin da ke bayan ɓawo ta shigar da shi ciki.

3. A tabbata wuƙa da katakon ba su taɓa ɗanyen nama ko kifi ba. In sun taɓa, a wanke su da sabulu da ruwan zafi.

4. A fere, a cire 'ya'ya da ƙwallo, a yanka gunduwa gunduwa kamar girman goro. In sun yi ƙanana za su tsage, in sun yi manya ba za su shiga baki ba.

5. A matsa lemon tsami kaɗan a kan ayaba da tuffa. Idan an yanka su, iska takan haɗu da wani sinadari a cikinsu sai su yi baƙi. Tsamin lemon yana rage wannan, ya kuma ƙara ɗanɗano.

6. A jera a kan tsinke. Mai tauri kamar abarba ko gwaiba ya zauna a farko da ƙarshe don ya tare sauran, masu laushi su shiga tsakiya. Misali: abarba, kankana, ayaba, gwanda, ɓarin lemo, gwaiba. A bar wurin riƙewa kamar tsawon yatsa.

7. A datse tsinin tsinken da wuƙa ko almakashi.

8. A jera a kwano a rufe. Tsinke biyu masu gunduwa shida shida sun ishi ɗalibi ɗaya.

Kada a barbaɗa sukari. Wanda ke son ɗan yaji, kamar na ainihin tsire, yana iya ƙulla dakakken ƙuli-ƙuli ko soyayyar gyaɗa a takarda dabam, ya barbaɗa lokacin ci. Gyaɗar za ta ƙara abin gina jiki, ta sa a daɗe ba a ji yunwa ba, domin 'ya'yan itace kaɗai ba sa maye gurbin karin kumallo.

Tsabta da ajiya

Wannan sashe ya fi kowanne muhimmanci. Ɓawo shi ne rigar da ke tsare ɗan itace. Da zarar an fere shi, ƙwayoyin cuta sun sami danshi da zaƙi, kuma a cikin zafi suna hayayyafa da sauri. Cututtuka irin su kwalara da zazzaɓin taifot da atini suna shiga ta ruwa marar tsabta, da hannu mai datti, da ƙuda. Abincin da aka yi don lafiya yana iya kwantar da mutum a asibiti in an yi sakaci. Rigakafi ya fi magani.

Ƙa'idar masana kiwon lafiya ita ce kada yankakken ɗan itace ya wuce awa biyu a waje ba sanyi, kuma in zafin gari ya haura digiri 32, awa ɗaya. Saboda haka da safe ake yankawa, a ci da tara, ba a ajiye har a tashi. Wanda gidansu ke da firji ya daskarar da ƙaramar gorar ruwa ya sa ta a cikin kula tare da kwanon, za ta riƙe sanyi har tsakar rana, ga kuma ruwan sha. A lokacin bazara, in babu ƙanƙara, ya fi kyau a tafi da lemo ko ayaba da ɓawonsu, a bar tsiren sai an dawo gida. Duk wanda ya fara yauƙi ko warin tsami a zubar, kada a ji hasara.

Ga waɗanda ba a yanka ba, akwai dabarar tukunya cikin tukunya. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Yayin da ruwan ke bushewa yana janye zafi daga ciki, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Wani malami ɗan ƙasarmu, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa wannan dabara a ƙauyukan Jihar Jigawa, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ta fi aiki da rani, lokacin da iska ke bushe.

Gargaɗi game da ƙananan yara

Tsinke ba abin wasa ba ne. Kada a ci ana gudu ko ana kokawa, kuma a jefa shi a kwandon shara bayan an gama. Ƙannenmu da ba su kai shekara biyar ba a zare musu a zuba a kwano. Inabi da duk wani abu mai kama da ƙwallo a tsaga shi a tsaye kafin a ba su, don kada ya maƙale a maƙogwaro. Wanda abarba ko gyaɗa ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburi ya bar su, ya kuma sanar da malamin jinya.

Kammalawa

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Muna roƙon iyaye su riƙa ware wani abu daga kuɗin cefane don 'ya'yan itatuwa, ɗalibai kuma su haɗa kuɗin tara su huɗu ko biyar su sayi kankana ko abarba ɗaya su raba. Ɗaliban kwana suna iya yin haka ranar Asabar, a yanka a ci nan take. Wanda ke da fili a gida ya shuka gwanda da farkon damina, domin takan fara ba da 'ya'ya cikin shekara guda.

Tambayoyi da aiki

1. Kawo amfani biyu na bitamin C, da 'ya'yan itatuwa uku da ake samunsa.

2. Me ya sa ake wanke kankana kafin a yanka, alhali ba a cin ɓawonta?

3. Awa nawa yankakken ɗan itace zai iya yi a waje a lokacin bazara?

4. A lokacin hutu, kowane ɗalibi ya je kasuwar garinsu ya rubuta 'ya'yan itatuwan da ke yayi da farashinsu, ya lissafa abin da tsinke biyu za su ci, ya kwatanta da kuɗin lemon kwalba ɗaya da biskit. A kawo sakamakon a makon farko na sabon zango.