Ƙwayar Safe da Addu'ar Safe

Wata Litinin cikin watan Maris, lokacin da zafin Yola ke sa ƙarfen gadon asibiti ya gagari taɓawa, aka kawo mana wata dattijuwa a keke Napep daga Jambutu. 'Yarta ce ke tallabe da ita. Baki ya karkace gefe guda, hannun dama ya saki, tana son magana harshe ya ƙi. Na gane ta tun kafin a miƙo katinta. Shekara uku tana zuwa wurinmu ranar masu hawan jini, kullum da ɗankwalin zumuntar mata a kanta da 'yar ledar da take ƙulle magani a ciki. Da na ɗaura mata abin awo, jinin ya haura 200 bisa 110.

Na tambayi 'yar, "Mama tana shan maganinta kuwa?"

Ta sunkuyar da kai. "Sista, ai tun Nuwamba ta ajiye. Ta ce ke da bakinki kika ce mata jininta ya yi kyau. Ran Lahadin da ta biyo ta tashi a coci ta ba da shaida cewa Ubangiji ya warkar da ita, mata suka yi ta guɗa."

Na buɗe katin. Rubutun hannuna ne, 130 bisa 80. Na tuna ranar sarai. Layi ya yi tsawo har bakin ƙofa, na auna ta, na ce, "Mama, mun gode Allah, jininki ya yi kyau ƙwarai," na kira na gaba. Kalma huɗu na bari ban faɗa ba: saboda maganin ne, Mama. Shekara goma sha shida ina aikin jinya a Jimeta, kuma wannan ranar tana cikin waɗanda ba sa barina barci. Saboda ita nake wannan rubutu, musamman ga 'yan'uwana masu bi da ke ɗauke da ciwon da ya zo ya zauna, da fastoci da dattawan ikkilisiya da ke kiwonsu.

Hawan jini ba ya sallama in zai shigo, ba ya ban kwana in an sha masa magani. Yawancin masu shi ba sa jin komai a jikinsu, ko ciwon kai babu. A hankali yake cin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda da ido. In awo ya riƙa kaiwa 140 bisa 90 ko sama a lokuta daban-daban, likita zai ce akwai shi. Ƙwayar da ake bayarwa aikinta ta danne shi na yini guda, shi ya sa ake sha kowace safiya. Kamar murfi ne a kan tukunya mai tafasa: ganin miya ba ta zuba ba ya nuna an kashe wutar. Haka ciwon suga yake, haka farfaɗiya, haka ƙanjamau. Na sha ganin mai shan maganin ƙanjamau ya karɓi takardar awo an rubuta ba a ga ƙwayar cutar a jininsa ba, ya ɗauka ya rabu da ita ke nan. Abin farin ciki ne ƙwarai, don mai irin wannan sakamako yana iya rayuwa mai tsawo, ba ya kuma sa wa matarsa ko mijinta. Amma ƙwayar tana nan ɓoye cikin jiki. A ajiye magani, cikin 'yan makonni ta sake bazuwa, wani lokaci ma ta dawo ta fi ƙarfin maganin da ya saba danne ta. Ga shi kuwa kyauta ake ba da wannan magani a asibitocin gwamnati.

Ni mai bi ce, kada a yi mini wata fahimta. Na gaskata Allah yana warkarwa. Na tsaya a kan gadajen da likitoci suka girgiza kai, mutum ya tashi ya koma gida da ƙafafunsa. Nakan yi addu'a a zuci kafin in huda jijiyar jariri. Abin da ke ci mini rai shi ne koyarwar da ke sa Mama ta ji kamar ledar maganinta kishiyar Littafi Mai Tsarki ce, sai ta zaɓi ɗaya.

Wannan koyarwa baƙuwa ce a ƙasarmu. Mutumin da ya kawo bishara Numan a watan Oktoba na 1913, Dakta Niels Bronnum ɗan ƙasar Danmak, likita ne. Daga aikinsa cocin LCCN ta tsiro, kuma da akwatin magani ya fara shiga zukatan Bachama. A Garkida, inda Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujadar farko a gindin tsamiya ranar 17 ga Maris 1923, wadda ita ce tushen cocin EYN, ba a daɗe ba aka kafa asibiti, a 1929 kuma aka buɗe mazaunin masu kuturta. Nakan tsaya a kan wannan shekarar in yi tunani. Maganin da ke kashe ƙwayar kuturta da gaske bai zo ba sai cikin shekarun 1940. Ke nan shekara da shekaru ana wanke wa mutane gyambo, ana ciyar da su, ana koya musu karatu, ana waƙa tare da su, alhali babu wanda zai iya yi musu alkawarin warkewa. Ba a kore su don sun daɗe ba su tashi ba. Iyayenmu na bangaskiya sun san zama da mai doguwar jinya, mu ne muke neman mantawa.

Littafin da muke karantawa ma bai ɓoye komai ba. Manzo Bulus, wanda Allah ya warkar da mutane ta hannunsa, yana da wata ƙaya a jikinsa da ya roƙa sau uku a cire, ba a cire ba, aka ba shi alherin ɗaukarta. Ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas ba lafiya. Timoti mai yawan laulayin ciki ne, Bulus kuwa shawarar abin da zai sha ya ba shi, bai tuhumi bangaskiyarsa ba. Luka da ya rubuta mana bishara likita ne. Sarki Hezekiya ya yi kuka ga Allah, Allah ya ji, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Wanda na fi so in tuna wa majinyatana shi ne na kutare goma. Yesu ya aike su su nuna kansu ga firistoci, kuma a wancan zamanin firistoci ne ke duba fata su tabbatar ko mutum ya tsarkaka. Don haka duk wanda ya ce mini an yi masa addu'a ya warke, nakan ce, "Amin, Baba. To, zo mu auna. Ci gaba da sha har likita ya duba ka, in ragewa ce shi zai rage da hannunsa." Warkarwar da ta fito daga Allah ba ta gudun abin awo.

Sai maganar azumi. Coci-coci da yawa a Jimeta da Yola kan buɗe shekara da azumin kwana 21, ga kuma azumin kwana 40 kafin Ista, wanda yakan faɗo daidai lokacin da zafi ke haura digiri 40 a nan bakin Binuwai. A wannan lokacin muke karɓar masu suga a sume. Mutum ya yi allurar insulin ko ya haɗiye glibenclamide da asuba, ya ƙi cin komai, kafin azahar hannu na rawa, gumi na keto masa, ya fara magana ba kan gado. Na gida su ɗauka iska ce, su kewaye shi da addu'a, alhali sugan jininsa ne ya faɗi ƙasa da 70. In yana iya haɗiya, a ba shi ruwan sukari ko lemon kwalba nan take. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti, a yi addu'ar a hanya. Mai sikila kuwa ƙishirwa kaɗai ta isa ta tayar masa da ciwo, haka mai ciwon ƙoda yana da nasa ƙa'idar ruwa. Cocin Katolika ta ɗauke wa marar lafiya azumi, maƙwabtanmu Musulmi ma suna da rangwame ga majinyaci a watan Ramadan. Roƙona ga Baba Fasto shi ne ya faɗe shi daga kan bagade ranar da zai sanar da azumi, da babbar murya: mai ciwo ya ga likitansa tukuna, wanda aka hana kuma bai rage komai a wurin Allah ba. Mutanenmu suna jin maganar fasto fiye da tawa sau goma. Na yarda da haka, shi ya sa nake neman bakinsa.

Akwai abin da na daɗe ban gane ba. Wani dattijo da ya yi ritaya daga koyarwa ya ce mini ya ajiye magani don yanzu da bangaskiya yake tafiya. Na ja kujera na zauna, muka yi hira har ta kai ga kuɗin fansho. Ashe tun 2023, da aka cire tallafin mai kuma naira ta faɗi, kuɗin maganinsa na wata ya fi ƙarfinsa, ga jikoki biyu a hannunsa. Ya fi masa sauƙi ya ce bangaskiya da ya ce babu. Tun daga ranar, in na ji kalmar nan, nakan tambaya a hankali, "Baba, ko dai kuɗin ne?" Sau da yawa sai ido ya cika da hawaye. A nan ikkilisiya take da aiki. Muna tara baiko na gini, na rufi, na motar coci. Maganin hawan jinin gwauruwa guda na wata bai kai kuɗin buhun siminti ba. Ƙungiyar zumuntar mata da ke iya ciyar da ɗaruruwa ranar jana'iza tana iya riƙe sunayen mutum biyar ta tabbatar ledarsu ba ta bushe ba.

Ciwon da ya fi na jiki kuwa kaɗaici ne. Makon farko gida cike yake, ana kawo kunu da ayaba, ana waƙa. Wata uku, sai ƙafa ta ɗauke. Shekara guda, sai a fara raɗa: ko akwai hannu, ko wani zunubi ne ba a tuba ba, ko bangaskiyarta ce ba ta kai ba. Wani saurayi mai sikila daga Doubeli, mai kaɗa jita a ƙungiyar mawaƙa, ya gaya mini ya daina fita gaba in an kira marasa lafiya. Ya ce, "Anti, na gaji da ganin fuskokinsu in na dawo mako mai zuwa da ciwona. Kamar na kunyata su." Yaron nan gado ya yi. Uwa AS, uba AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS, kuma Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu wannan ciwo. Babu wanda ya yi masa asiri. Da almajirai suka tambayi Yesu laifin wa ya sa aka haifi wani makaho, ya wanke mutumin ya wanke iyayensa. Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna da shi a ƙasa ba su ce uffan ba. Da suka buɗe baki suna nemo masa laifi ne suka ɓata, har Allah ya tsauta musu.

Ga kai da kake kwance ko kake ƙirga ƙwayoyi kowace safiya: an yarda ka gaji. An yarda ka tambayi Allah har yaushe, Zabura cike take da masu wannan tambaya, kuma ba a fitar da su daga Littafin ba. Ranar da addu'a ta ƙi fitowa, bari wani ya yi maka. In ba ka iya zuwa sujada, aika a gaya wa fasto ya kawo maka Jibin Ubangiji gida, hakkinka ne. Kada ka ɓace wa asibiti don ka yi wata biyu ba ka zo ba kana jin kunya. Faɗa kaɗan za mu yi, mu ci gaba daga inda aka tsaya. Na gida kuma su riƙe alamu uku: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki, magana ta sarƙe. Ko ɗaya aka gani, asibiti a wannan sa'ar, kada a jira gari ya waye.

Mama ta yi kwana goma sha tara a wurinmu. Ranar da za a sallame ta na durƙusa gefen gadon na ce, "Mama, ki yafe mini, ban gama miki bayani ba ran nan." Ta ɗora hannun hagu a kaina, ta ce da harshenta mai nauyi, "'Yata, tashi." Yanzu tana takawa da sanda, hannun daman bai dawo duka ba. An rage gishiri da dunƙule a miyar gidan gaba ɗaya don kada a ware mata tukunya. Matan zumuntarsu biyu ne ke karɓa-karɓa wajen rako ta gashin ƙashi duk Alhamis, su ne kuma ke biyan kuɗin keke. Ledar maganin tana cikin littafin waƙoƙinta, ta ce in ta gama addu'ar asuba sai ta haɗiye kafin ta rufe littafin. Zuwanta na ƙarshe awo ya nuna 135 bisa 85. Na ce, "Mama, jininki ya yi kyau." Kafin in ƙarasa ta ɗaga yatsa ta ce, "Saboda maganin ne, Sista. Rubuta mini ranar dawowa."