Abin da Ya Sa Birni Ya Fi Ƙauye Zafi

Duk wanda ya taɓa zuwa cin rani Kano, har bazara ta riske shi bai komo gida ba, ya san abin da za mu faɗa. Da rana ko'ina zafi ne, birni da ƙauye. Amma a ƙauye in an yi sallar lisha, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, sai a ji 'yar iska tana kaɗawa, kafin a jima barci ya sace mutum. A birni ba haka ba ne. Dare ya raba, bango da zafi, ƙasa da zafi, mutum yana ta juyi yana fifita. Ga shi kuwa rana ɗaya ce ta fito wa kowa. To, daga ina wannan ƙarin zafi ya zo?

Ba mu muka fara wannan tambaya ba. An yi wani Bature a Ingila, sunansa Luke Howard. Ya yi shekaru yana auna zafi a cikin birnin Landan da karkarar da ke kewaye da shi. Ya buga abin da ya gani a littafi, kashi na fari ya fito cikin 1818. Ya tarar da dare birnin ya fi karkara ɗumi da wajen digiri 2. Digiri shi ne ma'aunin zafi, kamar yadda mudu ya ke ma'aunin hatsi. Ruwa ya kan daskare a digiri 0, ya tafasa a digiri 100. Tun daga lokacin nan an auna a birane masu yawa, an ga haka abin ya ke.

Mu fara da abin da kowace mace ta sani. In an gama tuwo, aka kashe wuta, duwatsun murhu ba su hucewa nan da nan. Sun sha wuta, sai su riƙe zafin, su dinga sakinsa kaɗan kaɗan. To, birni kamar babban murhu ne. Kwalta da siminti da bulo su ne duwatsunsa, rana ita ce wutar. Su wuni suna shan rana, da dare su yi ta amayar da ita. Kwalta ta fi muni, don baƙa ce. Wanda ya sa baƙar riga cikin rana ya san bambancinta da fara.

Sa'an nan mu duba randa. Me ya sa ruwan randa ya fi na jarka sanyi? Randar ƙasa tana tsattsafo. Ruwan da ya tsattsafo yana bin iska, yana tafiya da zafi. Haka gumi ya ke yi a jikinmu. Itace ma haka ya ke yi: saiwarsa ta jawo ruwa daga ƙasa, ganyensa ya sake shi cikin iska. Watau itace abu biyu ya ke ba mu, ga inuwa, ga sanyaya iska. Gona da fadama da ciyawa duk suna wannan aiki. Amma wurin da aka malale da siminti ya zama jarka. Ruwan sama ya zuba, ya gudu cikin lambatu, babu abin da ya rage wa ƙasa ta yi gumi da shi.

Birnin Kano na dā ba haka ya ke ba. Wani Bature matafiyi mai suna Clapperton ya shiga Kano cikin 1824. Ya ba da labari cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ganuwa ta kewaye ba. Saura gonaki ne da lambuna. Ga kuma kududdufai ko'ina, inda aka haƙi ƙasar gini, ruwan damina ya taru. Yau gonakin nan sun zama gidaje, kududdufai da yawa an cike su an yi gini a kai. Ba mu ce kududdufi alheri ne zalla ba. Gidan sauro ne, yara kuma su kan ɗauko tsargiya a ciki. Amma da aka cike su ba a bar fili ko itatuwa a madadinsu ba. Sai zafi ya ƙaru da bazara, ruwa kuma ya rasa wurin zuwa da damina, ya shiga gidajen mutane.

Yanzu mu zo ga fasalin gari kansa, don nan ne maganar ta fi wuya. A zuba kunu mai zafi a faffaɗar ƙwarya, a zuba wani a gora mai ƙaramin baki. Wanne zai riga hucewa? Na ƙwarya. Ƙasa ma da dare sama ta ke mayar wa zafinta. Fili buɗaɗɗe, kamar gona, ƙwarya ne, nan da nan ya huce. Titin da dogayen benaye suka sa a tsakiya kuwa gora ne. Zafi ya tashi daga wannan bango ya faɗa wa wancan, ya rasa hanyar fita. In kuma gidaje sun haɗe, bango ya jingina da bango, babu rata, iska ba ta da inda za ta bi ta kwashe shi.

Wani zai ce, to, lungunan cikin birni fa? Ai matsattsu ne, amma da rana sun fi bakin titi sanyi. Gaskiya ne. Lungu yana da inuwa kusan wuni duka, rana ba ta samun ƙasarsa sai ta take tsaka. Magina na dā sun san abin da su ke yi. Sun yi katanga mai kauri da tubali, suka rufa soro da azara da ƙasa. Zafi ya kan daɗe kafin ya ratsa irin wannan bango, shi ya sa zaure ya ke da daɗin zama da azahar. Sai dai da dare zafin ya iso ciki. Maganin da suka yi wa wannan shi ne tsakar gida mai faɗi, wadda ke kallon sama, inda iyali za su fito su kwana. Gidajensu kuma ba su cika tsawo ba. Ashe lungu da tsakar gida tare su ke aiki, ɗaya na rana, ɗaya na dare. Abin da ke faruwa yanzu shi ne a riƙe matsin, a cinye tsakar gidan da ɗakunan haya, a rufa kwano ba sili. Nan an yi asara biyu.

Akwai kuma zafin da mutane ke hurawa da kansu. Mota da babur da janareta da gidan burodi, kowanne wuta ce ke ci a cikinsa. Na'urar sanyaya ɗaki ma ba ta kashe zafi. Kwashe shi ta ke yi daga ɗakin mai ita, ta zuba wa maƙwabta a waje.

Kada mu ɗauka wannan magana ta rashin jin daɗi ce kawai. Zafi yana kisa, ya fi kuma kama tsofaffi da jarirai da marasa lafiya. Jiki yana bukatar dare mai sanyi ya huta. In dare bai huce ba, gobe kuma rana ta ɗora, jiki sai ya gaza. Cikin watan Agusta na 2003 an yi wani mugun zafi a Faransa, ya kashe mutum wajen 15,000, yawancinsu tsofaffi. A Faris, babban birninsu, rufin gidaje da yawa na ƙarfe ne, kuma an lura waɗanda ke kwana a ɗakin can sama, ƙarƙashin rufin, sun fi shiga hatsari. Mu da muke kwana ƙarƙashin kwano, wannan labari namu ne.

Mai karatu zai ce, mu mutanen ƙauye ne, ina ruwanmu da zancen birni? Mu duba garinmu da kyau. Inda aka yi kwalta, shaguna sun jeru. Gonakin bakin gari ana yanka su fuloti fuloti. Unguwanni da yawa na Kano jiya jiya ƙauyuka ne. Gyaran gari kuwa tun kafin a aza tubali ya ke da sauƙi. In an riga an gina, sai dai rushewa, rushewa kuma rigima ce.

Saboda haka in mai unguwa ya tara mu za a yanka fili, mu yi magana. A bar hanya mai faɗin da za ta ɗauki itatuwa. A bar dandali, kada a sayar da shi. Iskar damina daga kudu maso yamma ta ke zuwa mana, kada a toshe ta da dogon jerin gini marar rata. Mai gina ɗaki ya yi taga biyu masu kallon juna, iska ta shiga nan ta fita can. Wanda zai rufa kwano ya sa sili, ko da na tabarma ne. Farin fenti a kan rufi ma yana taimako. A birnin Ahmedabad na ƙasar Indiya zafin 2010 ya kashe mutum fiye da 1,000. Daga baya hukumar garin ta shiga shafa wa rufin gidajen talakawa fari, don rufin ya rage shan rana.

Itacen tsakar gida kuma a ƙyale shi. Mun san hujjar masu sarewa: ganye yana ɓata gida, saiwa tana fasa bango, wurin kuma zai ɗauki ɗaki guda. To, a dasa nesa da bango kaɗan. Darbejiya ba ta da wuyar reno. Ba 'yar ƙasar nan ba ce ma, asalinta daga wajen Indiya ne, an kawo ta lardin Barno cikin 1928. Wanda ya je Maiduguri ya ga yadda ta yi wa tituna rumfa. In an dasa da farkon damina, aka kewaye ta da ƙaya saboda awaki, aka ba ta ruwa ranin fari, ta kama ke nan.

Gani ya kori ji. Yau bayan sallar magariba kowa ya fita ya taɓa abu huɗu da tafin hannunsa: kwalta ko daɓen siminti, bangon bulo na yamma, bangon ƙasa, da ƙasar gindin itace. Ya rubuta a littafinsa wanne ya fi zafi, wanne ya fi sanyi. Gobe kowa zai karanta wa aji abin da ya rubuta.