Amsar Tambaya: Wane Kafinta Za a Ba Aikin Kabad ɗin Kicin?

Wata uwargida daga Kaduna ta rubuto cewa za ta sabunta kicin ɗinta, kafintoci uku sun ba ta farashi, kuma na mafi araha bai kai rabin na mafi tsada ba. Wanne za ta ɗauka?

Bambancin yana cikin katakon. Mai araha galibi da allon MDF zai yi, garin katako ne da aka matse da gam. Yana da sumul, yana karɓar fenti, amma ruwa maƙiyinsa ne. Famfo ya ɗiga a ƙarƙashin wurin wanke-wanke na 'yan watanni, sai gindin kabad ya kumbura kamar burodin da aka jiƙa, ƙusoshin hinji su saki, ƙofa ta karkace. Wannan wurin filawud mai jure ruwa yake so, ko da sauran an yi da MDF. Idan madaci ne ko iroko, lallai ya zama busasshe, domin ɗanyen katako tsagewa yake yi da hunturu.

Hoton waya bai isa shaida ba. Ta nemi kowane kafinta ya kai ta kicin da ya haɗa shekara biyu da suka wuce, ta ja durowa da hannunta, ta leƙa ƙasa ko gara ta shiga.

Awo kuwa sai an gama tayil da aikin famfo. Tsayin tebur kusan santimita 90 ne, zurfinsa 60, a bar wa tukunyar gas wuri mai shan iska. Kafin alƙalami ya tsaya a kuɗin kaya, a rubuta irin katako da ranar kammalawa, cikon kuma sai ƙofofi sun rufu daidai.