Amsoshin Tambayoyinku: Wane Ne Lyttelton Mai Tsarin Mulkin 1954?

Tambaya: Malam, a darasin Gwamnati an koya mana tsarin mulkin Clifford, da na Richards, da na Macpherson, da na Lyttelton. Na duba jerin gwamnonin Najeriya na zamanin Turawa, na ga ukun farko amma ban ga na huɗun ba. Wane ne shi, kuma me ya haɗa shi da ƙasarmu? Daga wata ɗaliba a Funtuwa.

Amsa: Ɗiyata, kin duba da kyau, domin Oliver Lyttelton bai taɓa yin gwamna a Najeriya ba. Shi ne ubangidan gwamnonin. Daga watan Oktoban 1951 zuwa Yulin 1954 shi ne Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka a gwamnatin Winston Churchill ta jam'iyyar Conservative, wato ministan da gwamnan Legas da na Nairobi da sauransu ke karɓar umarni daga hannunsa.

An haife shi a Landan a 1893, a gidan manya. Mahaifinsa Alfred Lyttelton ya riƙe wannan kujerar daga 1903 zuwa 1905, ya hau ta watanni kaɗan bayan da Turawa suka ci Kano da Sakkwato. Oliver ya yi karatu a Eton da Kambirij, ya shiga soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya fito da lambobin yabo na jarumtaka. A fagen fama a Faransa ya san Churchill. Da aka gama yaƙi sai ya faɗa kasuwanci, kuma kusan shekara ashirin harkar ƙarafa ya yi. Ya shugabanci kamfanin British Metal Corporation, ya kuma shugabanci London Tin Corporation mai jari a haƙar kuza, a zamanin da ake ƙayyade wa Malaya da Najeriya da Bolibiya yawan kuzar da za su fitar don kada farashi ya karye. Kin ga ashe tun kafin ya zama minista ya san Najeriya ta fuskar kuzar Jos.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya jawo shi gwamnati. A 1940 Churchill ya ba shi ministan ciniki, aka sama masa kujerar majalisa a mazaɓar Aldershot. Shi ya ƙaddamar da sayen tufafi da kati a Birtaniya a 1941. Daga nan aka tura shi Alƙahira ya wakilci majalisar ministoci a Gabas ta Tsakiya, sannan ya dawo ya kula da ƙere-ƙeren kayan yaƙi daga 1942 zuwa 1945. Da jam'iyyarsa ta dawo mulki a 1951, da yawa sun ɗauka shi za a ba baitulmali. Aka ba Rab Butler, shi kuma aka miƙa masa ƙasashen mallaka.

Yanzu ga abin da ya shafe mu. Tsarin Macpherson na 1951 ya tara larduna uku a ƙarƙashin gwamnatin tsakiya mai ƙarfi, alhali kowace babbar jam'iyya a lardinta take da gindi. Ranar 31 ga Maris 1953 Anthony Enahoro na jam'iyyar AG ya gabatar da ƙudiri a majalisar Legas cewa Najeriya ta sami mulkin kai a 1956. Sardauna Ahmadu Bello ya nemi a cire shekarar, a ce sai lokacin da ya dace. Dalilinsa a fili yake: Arewa ba ta da isassun 'yan boko, kuma tana tsoron Turawa su tafi ofisoshi su koma hannun mutanen Kudu gaba ɗaya. 'Yan AG da NCNC suka fice daga zauren, jama'ar gari kuma suka yi wa wakilan Arewa ihu da zagi. Suka dawo gida ransu a ɓace. A watan Mayu Samuel Akintola ya jagoranci tawagar AG zuwa Kano, rikici ya ɓarke na kwana huɗu tsakanin mutanen birni da na Sabon Gari, aka rasa rayuka 36 bisa ƙididdigar hukuma. A watan nan kuma majalisun Arewa suka amince da buƙatu takwas waɗanda, in da an bi su, da abin da zai rage a tsakiya bai wuce tsaro da harkokin waje da kwastan da makamantansu ba. Saura ƙiris a rabu.

Lyttelton bai ɓata lokaci ba. Kwana biyu bayan ƙura ta lafa a Kano ya tashi a majalisar dokokin Birtaniya ya ce za a sake tsarin mulkin don a ƙara wa larduna iko. Ya kira shugabanni Landan, aka zauna daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Agustan 1953, shi da kansa yana jan ragamar taron. Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa suna nan, Azikiwe da Awolowo suna nan. Aka ƙarasa zancen a Legas a Janairun 1954. Saboda shi ya yi dillancin, shi ya sa sunansa ya hau kan takardar maimakon na gwamna.

A ganina a nan halinsa na ɗan kasuwa ya yi amfani. Ya lura cewa mutanen nan ba za su yarda da juna a kan komai ba in aka matse su wuri guda, sai ya sassauta igiyar. Aka ƙayyade abubuwan da ke hannun tarayya, duk abin da ba a ambata ba ya koma na lardi. Kowane lardi ya sami firimiyansa, da ma'aikatansa, da kotunansa, da hukumar sayen amfanin gona tasa, ta yadda kuɗin gyaɗa da auduga suka dawo hannun gwamnatin Kaduna. Aka ba Arewa kujeru 92 cikin 184 na majalisar wakilai. Kan batun 1956 kuwa, aka ce duk lardin da ya shirya ya karɓi mulkin kansa, wanda bai shirya ba ba a tilasta masa. Gabas da Yamma suka karɓa a 1957, Arewa sai ranar 15 ga Maris 1959. An kuma cire Kudancin Kamaru daga Gabas aka ba shi majalisarsa, Arewacin Kamaru ya ci gaba da zama tare da Arewa.

Maganar Legas ce ta fi zafi. Awolowo ya ce garin Yarabawa ne, dole ya zauna a Yamma. Arewa kuwa ba ta da teku, ta tashar Legas gyaɗarta ke fita, don haka ba ta son makullin ƙofarta ya kasance a aljihun wani lardi. Da aka kasa daidaitawa sai aka bar wa Lyttelton hukunci, ya ce Legas ta zama ta tarayya. Awolowo ya yi barazanar ɓallewa, Lyttelton ya mayar masa da amsa cewa duk wani yunƙuri irin wannan za a ɗauke shi a matsayin amfani da ƙarfi. A taron Legas ma AG ta nemi a rubuta 'yancin ɓallewa cikin tsarin mulki, ba a amince ba.

Kada wannan ya sa ki ɗauka mutum ne mai sanyin hannu a ko'ina. A zamaninsa aka kafa dokar ta-ɓaci a Kenya a Oktoban 1952, aka kama Jomo Kenyatta, aka tsare dubban 'yan ƙabilar Kikuyu a sansanoni inda aka azabtar da mutane. A 2013 gwamnatin Birtaniya ta nuna nadama ta biya diyya ga tsofaffi sama da 5,000. A 1953 ya tura sojoji Guyana ya rushe zaɓaɓɓiyar gwamnatin Cheddi Jagan, ya goyi bayan korar Kabaka Mutesa na Biyu daga Buganda, ya kuma haɗa Rodeshiya biyu da Nyasaland cikin tarayyar da baƙaƙen fata suka ce ba sa so. Ni dai ba na iya karanta wannan ɓangare na tarihinsa ba tare da raina ya sosu ba. Najeriya ba ta da Turawa 'yan kama-wuri-zauna masu gonaki da zai kare, shi ya sa ya zauna da mu a teburin ciniki.

Tsarin nasa ma ya zo da cikas. Ya bar manyan larduna uku yadda suke, ƙananan ƙabilu suka ga an danƙa su ga manya, har sai da aka kafa kwamitin Willink a 1957 don jin kokensu. Duk da haka daga 1954 ne Najeriya ta zama tarayya.

Ranar 1 ga Oktoban 1954 da tsarin ya fara aiki, shi ya riga ya ajiye muƙami tun watan Yuli, Alan Lennox-Boyd ya gaje shi. Aka ba shi sarautar Lord Chandos, ya koma shugabancin kamfanin kayan lantarki na AEI har 1963. Daga 1962 zuwa 1971 ya shugabanci hukumar gidan wasan kwaikwayo na ƙasa a Landan, inda ɗaya daga cikin zaurukan yake ɗauke da sunan Lyttelton. Ya mutu ranar 21 ga Janairun 1972 yana da shekara 78.