Maƙwabtaka da Kula da Gida a Abuja: Jagora ga Mazauna Unguwanni

Gabatarwa

A ranar 3 ga Fabrairu, 1976, gwamnatin Janar Murtala Ramat Muhammad ta kafa Dokar Soja mai lamba 6 wadda ta samar da Babban Birnin Tarayya, bayan kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ya ba da shawarar a ɗauke fadar mulki daga Legas, amma sai ranar 12 ga Disamba, 1991, a zamanin Janar Ibrahim Badamasi Babangida, gwamnati ta tare a Abuja. Ƙidayar 2006 ta nuna cewa mutanen yankin sun haura miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu, kuma tun daga lokacin kullum jama'a ƙaruwa suke yi. Ban da 'yan asalin ƙasar, wato Gbagyi da Gwandara da Gade da Koro da Bassa da sauransu, kusan duk wanda ke zaune a Abuja zuwa ya yi, ko aiki ya kawo shi, ko fatauci, ko neman tsira daga rikicin da ya tashe shi daga garinsu.

Wannan ya sa zaman unguwa a Abuja ya bambanta da na Kano ko Katsina ko Zariya. A waɗancan birane mutum gadon maƙwabcinsa yake yi, domin iyayensu sun zauna tare, zaurensu na kallon juna, mai unguwa kuma ya san kowane gida da asalinsa. A Abuja kuwa mutum yakan shekara biyu bai san sunan wanda katanga ɗaya ta raba su ba. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa maƙwabtaka a irin wannan birni sai an gina ta da niyya, kuma mafi yawan matsalolin gida, kamar ruwa da shara da lantarki da tsaro, ba sa warwaruwa a cikin gida ɗaya.

Ire-iren Zama a Birnin

Zaman Abuja ya kasu gida uku. Na farko shi ne unguwannin cikin gari da aka tsara tun farko, kamar Garki da Wuse da Maitama da Asokoro, inda akwai titi da famfo da bututun ƙarƙashin ƙasa mai kwashe ƙazantar bayan gida. Na biyu shi ne rukunin gidaje masu ƙofa ɗaya da maigadi, irin waɗanda suka cika Lokogoma da Lugbe da sassan Gwarimpa, inda mazauna ke biyan kuɗin hidima ga ƙungiyarsu ko ga kamfanin da ya gina wurin. Na uku, wanda ya fi ɗaukar jama'a, shi ne garuruwan kewaye kamar Kubwa da Nyanya da Karu da Mpape da Dei-Dei da Zuba, har zuwa Mararaba a Jihar Nasarawa da Madalla da Suleja a Jihar Neja, inda ma'aikata ke kwana su yi sammako zuwa cikin gari. A nan ne ake samun gidan yawa, wato gidan haya mai ɗakuna a jere da iyalai da dama ke tarayya a tsakar gida da banɗaki da madafa. Tsadar haya da rushe-rushen da aka yi tsakanin 2003 da 2007, lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan birnin, sun ƙara tura mutane waɗannan garuruwa fiye da yadda famfo da magudanai suka isa.

Ruwan Sha

Hukumar Ruwa ta Babban Birnin Tarayya tana samun ruwanta daga madatsar Usuma da ke kusa da Ushafa a ƙaramar hukumar Bwari, ana kuma ƙara mata daga madatsar Gurara ta Jihar Kaduna, sai dai bututunta bai kai unguwanni da yawa ba, shi ya sa jama'a suka dogara da rijiyar burtsatse da 'yan ga-ruwa masu tura kura da jarkoki. Abin da magidanci ya kamata ya fahimta shi ne, ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san iyakar fili ba, don haka shaddar maƙwabci tana iya gurɓata rijiyar da aka kashe wa kuɗi mai yawa. Masana lafiya suna ba da shawarar a bar tazarar kimanin mita 30 tsakanin rijiya da masai ko ramin da ƙazantar gida ke tsiyayewa, kuma da yake filayen garuruwan kewaye ƙanana ne, ba a cimma wannan tazara sai masu filaye sun zauna sun shawarta kafin kowa ya fara haƙa. Haka kuma, rijiya ɗaya mai zurfi da gidaje biyar suka haɗa kuɗi suka haƙa ta fi rijiyoyi biyar marasa zurfi da ke ƙafewa da bazara.

Hasken ruwa ba shaidar tsabtarsa ba ne. Ruwan da ba a san tushensa ba a tafasa shi kafin a sha, ko a sa masa maganin tace ruwa bisa ƙa'idar da aka rubuta a jikin kwalbar, a zuba shi a mazubi mai murfi wanda ba a tsoma hannu a ciki. Tankin da ke kan gida a riƙa wanke shi lokaci-lokaci, musamman bayan hunturu, saboda ƙurar da ke shiga ta murfin da bai rufu da kyau ba. Annobar kwalara, wato cutar amai da gudawa, ta shiga unguwannin Abuja a daminar 2021, kuma ta fi yin ɓarna inda ruwa da bahaya suka haɗu. Idan wani ya kamu, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, da ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ana ba shi yana kurɓa a kan hanyar asibiti, sannan a sanar da maƙwabtan da ake sha daga rijiya ɗaya ba tare da jin kunya ba.

Shara da Magudanai

Hukumar Kare Muhalli ta Abuja, wadda aka fi sani da AEPB, ita ke kula da kwashe shara a cikin gari zuwa babbar bolar Gosa, amma a garuruwan kewaye da ke cikin Babban Birnin Tarayya aikin ya fi rataya a wuyan ƙananan hukumomi shida, wato AMAC da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da Abaji, da kuma masu tura baro da ake biya a ƙofar gida. Duk wanda ya miƙa sharar gidansa, wajibi ne ya san inda ake kai ta, domin sharar da aka juye a rafi da rani ita ce ke toshe gada da damina. Ruwan sama a Abuja yakan fara a wajen Afrilu ya kai Oktoba, kuma da yake ƙasar tana da duwatsu da gangare, ruwa yakan sauko da ƙarfi cikin ɗan lokaci. A watan Yunin 2023 ambaliya ta mamaye gidaje fiye da ɗari a rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe, kuma Lokogoma da Galadimawa su ma sun sha ganin irin wannan. Saboda haka aikin gayya na yashe lambatu a watan Maris, kafin ruwan farko, ya fi kowace gudummawar da za a tara bayan ɓarna. Mai neman haya kuma ya dubi ƙasan bangon gida ko akwai shatin ruwa, ya tambayi mai shago ko mai wanki na layin yadda wurin yake a watan Agusta.

Sauro yana ƙyanƙyashewa a ruwan da ya kwanta cikin tsohuwar taya da gwangwani da kwatar da ba ta gudu, kuma kwana bakwai zuwa goma sun ishe shi ya zama mai cizo. Gidan da ya share nasa alhali na kusa bai share ba, bai tsira daga zazzaɓin cizon sauro ba, don haka kwana cikin gidan sauro da duba tsakar gida kowane mako abu ne da za a yi wa juna tuni a kai.

Lantarki da Janareta da Gas

Tun bayan sayar da kamfanonin rarraba lantarki a 2013, kamfanin AEDC ne ke ba Abuja wuta, kuma a watan Afrilun 2024 an ɗaga farashi ga rukunin farko, wato waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane ma'auni. Tun daga nan mita ɗaya da ɗakuna da yawa ke tarayya a kanta ta zama babbar hanyar husuma a gidajen yawa, domin mai ƙwan fitila da fanka ba ya yarda a daidaita shi da mai firji da dutsen guga da hita. Maganin wannan shi ne a sa wa kowane ɗaki ƙaramar mita, ko a rubuta kayan wutar kowa a raba kuɗi gwargwadon haka, a kuma riƙa nuna rasit ga kowa. Jan wuta ta bayan mita laifi ne a doka, kuma nauyin da yake ɗora wa taransifoma duk unguwa ke biyan diyyarsa da duhu.

Hayaƙin janareta yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci, kuma an sha rasa iyalai ɗungurungum a Nijeriya ta wannan hanya. Kada a kunna shi a ɗaki ko a baranda rufaffiya ko a ƙarƙashin tagar wani, kada kuma a zuba masa fetur yana aiki. Ya dace mazauna gida su tsayar da lokacin kashe shi da dare. Tukunyar gas a ajiye ta a tsaye inda iska ke shiga, a gwada tiyonta da kumfar sabulu, idan kumfa ta riƙa tashi to akwai yoyo. Wanda ya ji warin gas ya rufe kan tukunya, ya buɗe ƙofa da taga, kada ya ƙyasta ashana ko ya taɓa makunnin lantarki. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kuma ya kamata yara ma su haddace ta.

Haya da Cefane

Ɗan haya ya nemi yarjejeniya a rubuce da rasit na duk kuɗin da ya biya, ya kuma tabbatar dillali yana da izinin mai gida kafin ya miƙa ko sisi. Dokar karɓar gida daga ɗan haya da ke aiki a Abuja ta tanadi cewa, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, mai biyan shekara a ba shi wa'adin wata shida, mai biyan wata kuma wata ɗaya, sannan a ƙara sanarwar kwana bakwai, kuma kotu ce kaɗai ke da ikon fitar da shi. Cire ƙofa ko kwance rufi ko watso kaya waje ba hurumin mai gida ba ne. Shi ma ɗan haya haƙƙi ne a kansa ya biya a kan kari, ya kuma bar gida yadda ya same shi.

Bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya shiga farashin kowane mudu. Iyalan da suka haɗa kuɗi suka aiki mutum ɗaya kasuwar Dei-Dei ko Gosa ko kasuwar kayan marmari ta Zuba ya sayo buhu ko kwando a raba, sun fi samun sauƙi a kan masu sayen ɗai-ɗai a shagon layi. Adashi ma yana taimakawa wajen tara kuɗin haya da na makaranta, amma da yake mazauna Abuja masu yawan ƙaura ne, a rubuta sunan kowa da ranar kwasarsa, a kuma sa shaidu.

Tsaro da Zaman Lafiya

Doguwar katanga tana hana a ga cikin gida, tana kuma hana a san halin da mai gida ke ciki idan ya shiga uku. Sace-sacen mutanen da aka yi a yankin Bwari a farkon 2024, da masu fashi da motar haya da ake kira 'yan wan-cans, sun nuna amfanin sanin juna da sanar da juna. Kowace unguwa tana bukatar rajistar mazauna da lambobin wayarsu, da 'yan sintirin da aka san asalinsu kuma ofishin 'yan sanda na yankin ya san da su. Wanda aka kama da zargi a miƙa shi ga hukuma, domin ɗaukar doka a hannu ya sha hallaka marasa laifi.

Hausawa na cewa zo mu zauna, zo mu saɓa, kuma saɓani ya fi sauƙin ruruwa inda harshe da addini suka bambanta. Musulunci ya tabbatar wa maƙwabci haƙƙi ko da ba Musulmi ba ne, Kiristanci ma ya yi umurni da ƙaunar maƙwabci, saboda haka rage ƙarar lasifika da dare, da sanar da maƙwabta kafin a toshe layi don biki, da aika abincin Sallah ko na Kirsimeti, duk suna cikin abin da addinan biyu suka yarda da shi. 'Yan asalin ƙasa suna da sarakunansu, kamar Ona na Abaji da Gomo na Kuje, da hakimai da masu unguwanni, kuma baƙon da ya zauna a ƙasarsu ya kamata ya san fadarsu tun kafin rigima ta kai shi can.

Jan Hankali

Ana kira ga kowane magidanci da uwargida a Abuja da kewayenta da su san sunayen mutanen gidajen da ke dama da hagu da gaba da bayansu, su karɓi lambobin wayarsu, su halarci taron unguwa, su biya kuɗin da aka yanka, su kuma nemi a karanta musu yadda aka kashe shi. Inda babu ƙungiyar unguwa, magidanta biyar sun isa su kafa ta, kuma yashe lambatun layinsu kafin damina shi ne aikin da ya dace su fara da shi.